AIKIN DA ƘASA KE RUFEWA: Darasi A Kan Ɗaukar Mai Aikin Famfo Don Gyara Ko Kafa Banɗaki

Gabatarwa

Muna godiya ga Ubangiji wanda ya kawo mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Bana darasinmu a kan wani abu ne da mutane ba su cika son ambatonsa a cikin taro ba. Ko sunayen da Hausawa suka ba shi sunayen kunya ne: bayan gida, makewayi, banɗaki. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya same mu a wannan makaranta ya isa ya sa mu ajiye kunya mu yi magana.

Yawancinmu muna tune da daminar bara. Ƙungiyar iyaye da malamai, tare da taimakon zumuntar mata, sun tara kuɗi aka kafa sababbin banɗakuna huɗu masu ruwa a ɗakin kwanan 'yan mata. Masu aikin famfo uku suka zo suka faɗi kuɗinsu, muka ɗauki wanda ya fi araha. Ya gama aikin a lokacin hutu. Da muka dawo muka tarar da farin kwano yana ƙyalli, daɓe sumul, ƙofofi da sabon fenti. Muka yi murna, muka biya shi ragowar kuɗinsa nan take.

Ruwan watan Agusta na sauka, sai wari ya fara tashi. Bayan kwana kaɗan ruwa ya soma dawowa cikin kwano maimakon ya wuce. Ƙasa ta lotsa a bayan ginin, danshi mai ɗoyi ya bayyana yana bin gangare zuwa wajen rijiyar da 'yan mata ke ɗiban ruwan sha. Dole shugaban makaranta ya sa aka rufe rijiyar, muka koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa har ƙarshen zangon karatu. Da aka tone, ga abin da muka gani: an kwantar da bututu ba gangare, tsakiyarsa ya yi ciki, wasu mahaɗai ba a sa musu gam ba, bututun kansa marar kauri ne, nauyin ƙasa ya murƙushe shi, ramin da ƙazanta ke taruwa kuwa ba a yi masa shafe ba, ga shi 'yan taku kaɗan daga rijiya.

Allah ya kiyaye, ba wadda ta kwanta ciwo mai tsanani. Ba za mu ambaci sunan ma'aikacin ba, gama laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. A cikinmu duka, malamai da dattawa, ba wanda ya leƙa ramin kafin a mayar da ƙasa. Wani dattijon mai aikin famfo da muka kira daga baya ya tsaya a bakin ramin ya ce wa shugabanmu, "Malam, kun duba abin da ke sama kun biya. Mu kuwa aikinmu, rabinsa ƙasa ke rufewa." Wannan magana ita ce tushen darasinmu.

1. Me Ya Sa Abin Ya Shafe Mu Duka?

Ku dubi ƙasarmu ta Tsanyawa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi ya iso nan, zai ga gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, da wuya a sami fili wanda ba mai shi. A cikin gari kuwa katanga ɗaya ce ke raba gida da gida. Ma'anar wannan ita ce, masan wani yana iya zama kusa da rijiyar maƙwabcinsa fiye da yadda yake kusa da tasa rijiyar. Ga shi a wurare da yawa ƙasarmu jigawa ce, ruwa yana ratsa ta da sauƙi. Da rani rijiyoyi sukan yi zurfi, amma a watan Agusta da Satumba ruwan ƙasa yakan taso. Ramin da yake a bushe a watan Maris yana iya haɗuwa da ruwan da muke sha a tsakiyar damina.

Cututtukan da ke bin wannan hanya mun san su: amai da gudawa, wato kwalara, da taifot, da atini, da tsutsar ciki. Dukansu daga bayan gidan mai ciwo suke fita, su shiga bakin mai lafiya ta ruwa, ko abinci, ko ƙuda, ko hannun da ba a wanke ba.

An daɗe ba a gane haka ba. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutane fiye da 600. A lokacin yawancin likitoci suna ɗauka mugun wari ne ke kawo ciwon. Wani likita, Dokta John Snow, ya bi gidajen da aka yi rasuwa, ya ga yawancinsu suna shan ruwan famfo guda ne da ke titin Broad. Ya roƙi hukuma aka cire hannun famfon. Wani matashin limamin ikkilisiyar unguwar, Henry Whitehead, da farko bai yarda da shi ba, sai ya shiga gida-gida yana tambaya don ya ƙaryata shi. Binciken nasa ya kai shi ga wani gida inda wata jaririya ta kamu da ciwon, uwarta kuwa tana zuba ruwan wankin tsummokinta a ramin ƙazanta da ke gaban gidan. Da aka tone, aka tarar ginin ramin ya ruɓe yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar famfon kuwa bai wuce taku guda ba. Ku lura, ya ku ɗalibai: rami ɗaya wanda ba a gina da kyau ba, shi ya jefa unguwa guda cikin makoki.

Wannan ba labarin dā kaɗai ba ne. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A watan Nuwamba na 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin hana yin bayan gida a fili, ta sa shekarar 2025 ta zama wa'adi, daga baya aka ɗaga zuwa 2030. Maƙwabciyarmu Jihar Jigawa ita ce ta farko da aka shaida ta cika wannan sharaɗi, a shekarar 2022. Shiri ne mai kyau. Amma banɗakin da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba yana iya kai ƙazanta cikin rijiya kamar yadda ruwan sama ke kwaso ta daga fili. Saboda haka yawan banɗakuna kaɗai bai isa ba, sai an duba wanda ya yi aikin da yadda ya yi shi.

Mu masu bi muna da ƙarin dalili. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono, ya rufe abin da ya fito daga jikinsa. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana tare da su a zangon. Idan Allah bai ga wannan magana ta yi ƙanƙanta da za a rubuta ta a cikin Shari'a ba, mu ma kada mu raina ta.

2. Kafin A Kira Ma'aikaci, A San Abin Da Ake Bukata

Kuskurenmu na farko shi ne mun zaɓi irin banɗakin da muka gani a birni ba tare da mun yi lissafin ruwa ba. Akwai iri uku da suka fi yawa a wajenmu.

Na ɗaya, masai mai bututun iska. Wannan masai ne na rami kamar wanda muka gada, amma an kyautata shi. Wani masani, Dokta Peter Morgan, shi ya ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta Blair da ke birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe a cikin shekarun 1970. Ana kafa bututu mai faɗin inci 4 zuwa 6 daga cikin ramin, ya zarce rufin ɗaki da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta saman bututun tana jawo wari daga rami ta fitar da shi sama. Cikin ɗakin kuwa ana barinsa da ɗan duhu, saboda ƙudan da ke cikin rami su ga haske ta bututu su bi shi, raga ta tare su, su mutu a can. Wannan iri ba ya bukatar ruwa sai na buta.

Na biyu, kwanon tsuguno wanda ake kora da ruwan bokiti. Lita 2 ko 3 sun isa kowane shiga.

Na uku, kwanon zama ko na tsuguno mai tankin ruwa a sama. Tsofaffin tankuna suna zubar da kamar lita 9 a ja ɗaya, na zamani kamar lita 6.

Bari mu yi lissafi irin na aji biyu. A ce 'yan mata 120 ne a ɗakin kwana, kowace tana shiga sau 4 a rana. Da tanki mai lita 9, ruwan da ake bukata shi ne lita 4,320 kowace rana, wato jarka mai lita 25 kusan 173. Da kwanon bokiti mai lita 2 kuwa, lita 960 ne, bai kai jarka 40 ba. Wurin da ba famfo mai zuwa kullum, ba rijiyar burtsatse mai tanki, banɗaki mai ja yakan zama abin ƙyama cikin mako guda. Ma'aikacin kirki zai fara tambayarka, "Ina ruwanku yake fitowa, mutum nawa ne kuma a gidan?" Wanda bai yi wannan tambaya ba, kasuwarsa kawai yake ci.

Game da makaranta, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2009 ita ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, sa'an nan banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga samari 50. Bisa ga lissafinmu na sama, 'yan mata 120 suna bukatar aƙalla biyar.

3. Abubuwa Huɗu Da Mai Gida Ya Kamata Ya Gane

Ba sai mun zama masu aikin famfo ba, amma wanda bai san komai ba, ba ya iya duba komai.

(a) Tarkon ruwa. Ku leƙa cikin kwano za ku ga ɗan ruwa a kwance kullum. A ƙarƙashinsa bututun ya lanƙwashe, ruwan da ya tsaya a lanƙwasar shi ne ƙofar da ke hana wari da ƙuda da kyankyasai dawowa daga rami. Wani maƙerin agogo, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a Landan a shekarar 1775, har yau kuwa da ita ake aiki. Idan an kafa kwano a karkace, ko tarkon ya tsage, ruwan zai tsiyaye, ɗaki ya cika da wari kome wankin da aka yi.

(b) Gangaren bututu. Ƙazanta ba ta da ƙafa, gangare ne ke tafiyar da ita. Bututun da ke ɗaukarta ya zama mai inci 4, mai kauri, kuma ya riƙa sauka da kamar kamu ɗaya a cikin kowane kamu 40. Wato idan tsawonsa mita 8 ne, ƙarshensa ya fi farkonsa ƙasa da santimita 20. A shimfiɗa masa yashi a daddale ƙarƙashinsa don kada tsakiyarsa ta lotsa. Duk inda ya yi kwana, a gina ƙaramin akwati mai murfi, wanda masu aikin ke kira cemba, domin ranar da ya toshe a sami inda za a zura sanda ba sai an fasa daɓe ba.

(c) Ramuka biyu. Mutane sukan haɗa su su ce sokawe, amma aikinsu dabam ne. Na farko tanki ne na ƙasa, wanda dole a yi masa shafen siminti ciki da ƙasansa har ya riƙe ruwa kamar randa. Akan raba shi ɗaki biyu, na farko ya ninka na biyu girma. A nan mai nauyi yake kwantawa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su narkar da shi a hankali. Ruwan da ya taso sama shi ke wucewa rami na biyu, wanda ake jera bulonsa da 'yan ƙofofi don ƙasa ta tsotse. Wanda ya haƙa maka rami ɗaya ya ce ya gama sokawe, ka tambaye shi ina na biyun.

(d) Nisa da zurfi. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka fi bi ita ce, duk ramin da ke tsiyaya cikin ƙasa ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangaren rijiyar, ba ta tudunta ba. Gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a bisa inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Hanyar sanin haka mai sauƙi ce: a tambayi masu haƙar rijiya na unguwa, ko a zura guga a auna rijiya a ƙarshen Agusta. Game da girman ramin masai kuwa, akan ƙiyasta mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 a shekara. Gida mai mutum 10, cikin shekara 5, zai tara wajen lita 2,500, ban da rabin mitar da ake bari a sama.

Idan filin gidanka bai kai ka sami mita 30 ba, kada ka yi shiru ka haƙa. Ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka nemi dubagari ya zo ya duba, ka kuma yi shawara da maƙwabcinka, ko Kirista ne ko Musulmi, gama ruwan ƙasa bai san katanga ba.

4. Yadda Za A Zaɓi Ma'aikaci

A garuruwanmu yawancin masu aikin famfo, waɗanda ake kira falamba, a hannun maigida suka koya, wasu kuma a makarantar koyon sana'a. Ko ta wace hanya ce, akwai gwanaye, akwai kuma wanda ya yi wata uku yana miƙa wa maigidansa sifana ya ce ya ƙware. Ga yadda za mu rarrabe.

Na farko, a nemi aikin da ya yi wanda ya ci damina biyu ko uku. Sabon aiki duka kyau gare shi. A je da ƙafa, a gaisa da mai gidan, a tambaye shi ko ya taɓa toshewa, ko ma'aikacin ya dawo da aka kira shi. Gani ya kori ji.

Na biyu, a fi son wanda aka san gidansu da inda yake zama. Wanda za ka haɗu da shi a kasuwa ko wurin jana'iza yana jin kunyar ya cuce ka.

Na uku, a sa shi ya zagaya wurin kafin ya faɗi kuɗi. A lura ko ya tambayi inda rijiya take, ko ya auna, ko ya duba inda ruwan sama ke bi. A ce masa, "Malam, nuna mana da sanda a ƙasa inda ƙazantar za ta bi har inda za ta tsaya." Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Na huɗu, a ji ta bakin mutum biyu ko uku. Idan ɗaya ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, a tambaye shi abin da ya cire. Araha ba ta ado. Mu mun biya sau biyu, ga kuɗin ruwan 'yan garuwa a kai.

Na biyar, kada a ba mutum aiki don kawai ɗan'uwa ne ko ɗan ikkilisiyarmu ne. Idan ya iya, madalla, a ba shi. Idan bai iya ba, ba shi aikin zai ɓata zumunci ya kuma ɓata kuɗin jama'a. Haka nan kada a hana gwani aiki don ba addininmu ɗaya ba.

Idan gyara ne ba sabon kafi ba, a sa shi ya faɗi dalilin ɓacin kafin ya ɗauki guduma. Tankin da ke zuba ba tsayawa sau da yawa 'yar roba ce ta cinye ko ƙwallon da ke rufe ruwa ya lalace, abin kuɗi kaɗan. Kwanon da ke motsi, zamansa ne ba daidai ba. Idan kuwa dukan banɗakunan gida sun toshe a lokaci guda, a fara buɗe cemba da murfin tanki, wataƙila ya cika ne. Wanda ya ce a fasa a sake sabo tun bai buɗe ko ɗaya ba, a nemi wani ya duba.

5. Ciniki Da Yarjejeniya

Ubangijinmu ya yi misali a Luka sura 14 da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya yi lissafin abin da za ta ci. Mu ma mu zauna da takarda da biro.

A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A rubuta kowane kaya da adadinsa da irinsa: bututu nawa, mai wane kauri, buhun siminti nawa, rodi, bulo, gam, kwano. Idan za a je sayayya Kano, ko Kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, wani daga cikin masu aikin ya bi shi, a karɓo rasit. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga sunan kowa, musamman idan kuɗin baiko ne ko na iyayen yara.

A raba biya kashi uku: kafin alƙalami don ya fara, kashi na biyu bayan an duba aikin ƙasa an yarda, na uku bayan an gwada komai. A yi magana tun farko cewa za a riƙe ɗan wani abu har a ga ruwan sama mai ƙarfi ya sauka, ko kuwa ya yi alkawari a rubuce zai dawo ya gyara ba da ƙarin kuɗi ba. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe. A kuma yi aikin da rani, gama ba a fafe gora ranar tafiya, ramin da aka haƙa cikin damina kuwa yana iya ruftawa da mai haƙa.

6. Ranar Dubawa

Wannan ita ce rana mafi muhimmanci, ita ce kuma muka tsallake. Sharaɗin shi ne: ba za a mayar da ƙasa ko cokali ɗaya ba sai mai aiki ya gani da idonsa.

A tsaya mutum biyu, ɗaya a banɗaki, ɗaya a bakin tanki. Na farko ya zuba ruwa bokiti guda tare da ɗan lemun tsami ko ƙwallon goruba. Na biyu ya ga ko sun iso da sauri. A bi bututun ana shafa kowace mahaɗa da hannu, a ji ko da danshi. A ja igiya daga farkonsa zuwa ƙarshe a ga ko ya yi ciki. A cika tankin da ruwa, a yi alama a bango, a bar shi ya jiƙa kwana ɗaya, a sake cikawa, a dawo washegari. Idan ruwan ya sauka sosai, shafen bai yi ba. A auna nisan rami da rijiya da tef, kada a yarda da "ai ya kai." A duba murfin kankare ko an sa masa rodi, gama yara za su yi wasa a kansa. Daga ƙarshe a zana taswirar inda bututu ya bi a ajiye a ofis, don waɗanda za su gaje mu.

7. Hakkin Ma'aikaci A Kanmu

Darasin bai cika ba idan muka tsaya a kan abin da muke bi. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a bar ladan ma'aikaci ya kwana a hannun mai aiki, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta tsawata wa masu danne hakkin waɗanda suka yi musu girbi. Sau da yawa mu ne muke tura ma'aikaci ga ha'inci: mu matse kuɗin aiki har ya rasa riba, sa'an nan mu yi mamaki da ya rage siminti. Idan ya cika sharaɗi, a biya shi a ranar da aka yi alkawari, ba sai ya yi ta sintiri ba.

Mu kuma kula da ransa. Kada a bar kowa ya shiga cikin tankin da aka yi amfani da shi. Akwai iska mai guba a ciki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ma yakan daina jinta, mutum ya faɗi nan take. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama. Akwai kuma iska mai kama wuta, don haka ba ashana, ba taba, ba fitilar kananzir a bakin rami. A ba masu aiki sabulu da ruwan wanka, a ba su abinci a kwano mai kyau kamar kowane baƙo.

Ya ku ɗalibai, mun sha jin wasunku suna yi wa masu kwasar masai da masu aikin famfo dariya. Wannan bai dace da ɗan makarantar mishan ba. Likita yana warkar da wanda ya kamu, amma mai kafa banɗaki da kyau yana hana gida guda kamuwa. Sana'a ce mai daraja da rufin asiri, muna kuma fata a cikinku a sami waɗanda za su koye ta su haɗa da lissafi da kimiyyar da suka samu a nan.

8. Bayan An Gama

Aiki mai kyau ma yana lalacewa a hannun marasa kula. Kada a jefa totuwa, ko dutse, ko leda, ko tsumma, ko audugar mata a cikin kwano. A ajiye kwandon shara mai murfi a ɗakin 'yan mata. Kada a riƙa tuttula maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa, gama yana raunana ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a tanki. A duba ragar bututun iska kowace shekara. A kwashe tanki tun bai cika ba, a kuma tabbata ba a zubar da abin da aka kwasa a rafi ko kusa da gari ba. A ajiye sabulu ko toka da ruwa a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu.

Tambayoyi Don Nazari

1. Wane aiki ruwan da ke kwance a cikin kwanon banɗaki yake yi?
2. Bututu mai tsawon mita 12, santimita nawa ya kamata ya sauka?
3. Me ya sa ake auna zurfin ruwan rijiya a watan Agusta maimakon Maris?
4. Me Henry Whitehead ya gano, me kuma halinsa yake koya mana game da karɓar gaskiya?
5. Aikin hutu: ka auna nisan da ke tsakanin masan gidanku da rijiya mafi kusa, ko taku ko ta maƙwabta. Ka rubuto abin da ka samu, ka nuna wa mahaifinka cikin ladabi, ka kawo wa malamin kimiyya a makon farko na sabon zango.

Kammalawa

Yanzu an sake aikin ɗakin kwanan 'yan mata. An mayar da kwanonin na bokiti, an ƙara ɗaya, an haƙa sababbin ramuka can nesa ta gangaren rijiya, an cike tsohon. An yashe rijiyar an sa mata magani kafin a sake buɗe ta. Ranar dubawa, shugaban makaranta da uwar ɗakin kwana da shugabar ɗalibai mata duk sun tsaya a bakin rami har ƙwallon goruba ya fito. Muna roƙon dattawan ikkilisiyoyi da iyaye waɗanda ke shirin irin wannan aiki a gida ko a majami'a su yi haka su ma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya ba mu aminci a cikin aikin da mutane ke gani da wanda ba su gani, ya kuma tsare mu da maƙwabtanmu daga annoba. Amin.